Yadda Ake Haɗa Gem ɗin Motsa Jiki a Falon Gida, Daga Siyen Wii Ɗan Gwanjo Zuwa Wasan Farko

Wanda ya taɓa leƙa gidan gem a Kano ya san yadda ake zama: benci, talabijin, samari biyu sun duƙufa kan ƙwallo, babban yatsa kaɗai ke wahala. Akwai wani nau'in gem da ba a zaune ake yinsa ba. Tsaye kake, rimot a hannu, in ka kai duka ɗan mutumin da ke cikin talabijin ya kai duka, in ka wurga ya wurga. Minti ashirin ya isa ka jiƙe da gumi.

Na haɗa irin wannan a gidanmu, na haɗa wa yayyena da abokai, daga Gwammaja har Hotoro, kuma ban taɓa ganin wanda wasan kansa ya gagara ba. Yaro ɗan shekara shida yana ganewa, Hajiya ma tana ganewa. Inda ake faɗuwa uku ne: wuta, faɗin ɗaki, da kayan da aka biya kuɗinsu ba a gwada ba. A kansu zan fi daɗewa.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Manyan na'urorin da ake wannan wasa da su iri huɗu ne. Wii na kamfanin Nintendo shi ya buɗe ƙofa a ƙarshen 2006, tare da faifan Wii Sports mai wasanni biyar: tanis, bolin (mirgina ƙwallo a kayar da kwalabe), golf, besbol da dambe. A 2010 Microsoft ta fito da Kinect na Xbox 360, kyamara ce da ke kallon jikinka gaba ɗaya, ba ka riƙe komai. A shekarar ne Sony ta kawo PlayStation Move na PS3, rimot ne mai ƙwallo mai haske a kai. Na huɗu shi ne Nintendo Switch, da wasansa Switch Sports na 2022.

Wanda zai fara, Wii nake ce masa ya nema. An sayar da sama da miliyan 100 a duniya, don haka gwanjonsa bai yi wuya ba, kuma shi ya fi araha. Wutar da yake ja ba ta kai wat 20 ba, ƙaramar inbata ko sola tana ɗaukarsa da talabijin ba tare da kuka ba. Ba ya neman intanet. Saboda haka bayanin nan a kansa na gina shi, Kinect da Switch kuma na ware musu wuri a gaba.

Ga abin da ake buƙata:

Na'urar Wii da adaftarta ta wuta.

Rimot aƙalla biyu, kowanne da igiyarsa ta ɗaurawa a tsintsiyar hannu. In da rigar roba a jikinsa, ya fi.

Nunchuk, wato ƙaramin hannun da ake jonawa a gindin rimot. Dambe kaɗai ke buƙatarsa a cikin wasanni biyar ɗin, amma 'yan dambe biyu sai Nunchuk biyu.

Siririyar sandar da ake ɗorawa a kan talabijin. Masu kaya Sensor Bar suke ce mata, ni a nan sandar saiti zan kira ta.

Wayar hoto mai kai uku, rawaya da fari da ja. In talabijin ɗinka ba ta da waɗannan ramuka, sai ɗan adaftan da ake kira Wii2HDMI da wayar HDMI.

Faifan Wii Sports.

Batir AA, irin na agogon bango, biyu ga kowane rimot. Mai caji ya fi, don rimot ɗin akwai ci.

Sitabilaiza, ko aƙalla ekistenshin mai kariya, da salatif, da tef ɗin tela, da tsumma mai laushi.

MATAKI NA 1: AUNA FALO KAFIN KA TAFI KASUWA

Tsakanin mai wasa da talabijin ana son mita ɗaya zuwa uku. Mita biyu shi ne daidai. In babu tef, ƙirga tayil: na santimita 60 guda huɗu sun wuce mita biyu. Sannan ka tsaya a wurin ka buɗe hannuwa biyu ka juya. Duk abin da yatsanka ya taɓa, teburin tsakiya ne, shokes ɗin kwanuka ne, dole ya matsa. In mutum biyu za su buga tanis, kowa ya yi wannan juyin ba tare da ya taɓa ɗan'uwansa ba.

Yanzu ɗaga hannu sama. Wannan shi kowa ke mantawa. Yawancin falukanmu da fankar sama, wasu kuma silin ɗin gajere ne. Ƙanina dogo ne, ranar farko ya ɗaga rimot zai buga sabis, wato bugun farko a tanis, fanka tana lamba biyar. Rimot ya tsira, yatsu biyu suka kwana a kumbure. In hannunka yana kusa da fanka, ko ku matsa daga ƙarƙashinta, ko a kashe ta a kawo ta ƙasa.

Ƙasan ma a duba. Tayil da safa ba sa shiri, santsi ne. Ƙafa tsirara a kan kafet ya fi. Dardumar da ke zamewa a naɗe ta.

MATAKI NA 2: SIYE DA GWAJI

Kayan gem na hannu ana samunsu wajen masu kayan lantarki a Sabon Gari, da kewayen France Road da Beirut Road, wani lokaci har Farm Centre. Duk inda ka je, sharaɗi ɗaya ne: a kunna a gabanka. In mai shago ya ce babu wuta, ka ce, “Alhaji, ba damuwa, a tayar da janareto na sa kuɗin mai, ko na dawo in an kawo.” Kuɗin man nan ya fi sauƙi a kan zaryar mayar da kaya. Na taɓa karɓar wata a kan amana, aka ce sabuwar shigowa ce, na je gida na tarar tana kamawa lafiya amma ba ta karanta faifai. Sati biyu ina sintiri.

Abu na farko, juya na'urar ka karanta takardar da ke manne a jikinta. Za ka ga lamba mai farawa da RVL, sai haruffa uku: EUR, USA ko JPN. EUR ka nema, ta Turai. Dalili biyu ne. Wutarta irin tamu ce, tsarin hotonta ma PAL ne irin na talabijin ɗinmu. Ta Amurka tana aiki, amma sai da dabarar da zan faɗa a mataki na gaba, kuma a tsohuwar talabijin mai ƙeya tana iya ba ka hoto fari da baƙi. Ta Japan kuwa ka bar musu, rubutunta duk Japananci ne, ba a canzawa.

Abu na biyu, faifai ya dace da na'ura. Wii ba ya cin faifan wata nahiya: ta Turai ba ta karɓar faifan Amurka, haka ta Amurka ba ta karɓar na Turai. A jikin faifan akwai ƙananan haruffa, ka nemi PAL ko EUR in na'urarka ta Turai ce. Ɗaga shi a haske ka duba bayansa. Ƙananan zane ba komai, amma zane mai zurfi da ya bi zagayen faifan, a canza maka. Za ka tarar da wasu na'urorin an yi musu aiki an loda wasanni a filas. Ni na fi natsuwa da faifai na asali, don in wancan lodin ya rikice, sai ka koma neman wanda ya yi shi.

Sa faifan da hannunka. In na'urar a tsaye take, fuskar mai zane tana kallon dama. In a kwance, tana kallon sama. Ta ja shi da kanta a hankali, ba ƙara, ba ƙas-ƙas. Ka shiga wasa ka yi aƙalla minti goma, don wata sai ta ɗau zafi take nuna halinta. Kai hannu bayanta ka ji ko fanka tana fitar da iska.

Sai rimot. Buɗe murfin batir ka leƙa. In ka ga farin gari ko kore-kore a kan ƙarafunan, batir ya taɓa fashewa a ciki, a ba ka wani. Danna kowane maɓalli, musamman A na sama da B na ƙasa inda manuniya ke kwanciya. Girgiza shi a kunne, kada ka ji wani abu yana yawo. Na kwaikwayo sun yi yawa, sukan fi sauƙin nauyi, kibiyar zaɓe da suke nunawa a kan talabijin kuma tana rawa. In ka samu wanda aka rubuta Wii MotionPlus INSIDE a gindinsa, ɗauke shi ko da ƙarin kuɗi. Shi ne zai yi maka Wii Sports Resort na 2009, mai wasanni 12, cikinsu da ƙwallon tebur da ƙwallon kwando da harbin kibiya. Tsohon rimot ba ya yinsa sai an jona masa wani ɗan ƙari.

Sandar saiti kuma ga yadda ake gane mai rai: a jona ta, a kunna na'ura, ka buɗe kyamarar wayarka ka haska bakinta. Ido ba ya ganin haskenta, amma kyamara tana nuna ɗige-ɗige masu haske a gefe biyu. In kyamarar baya ba ta nuna ba, gwada ta gaba. Bi wayarta da yatsa tun daga farko har ƙarshe, siririya ce kamar zare, nan take yawan tsinkewa.

MATAKI NA 3: WUTA

Kafin ka soka komai a bango, juya adafta ka karanta. In an rubuta 230V, ko 100–240V, bismillah. In 120V ka gani, ta Amurka ce, kuma wutarmu 230 ce. Kana sokawa za ka ji ɗas, sai ƙauri. Na ga wannan ya fi sau uku, kuma kullum bayani ɗaya ne: kan fulogin bai shiga soket ba, sai aka sa masa ɗan adaftan kai. Ɗan adaftan kai siffa kawai yake canzawa, ba ya rage wuta.

Mafita biyu ce. Ko ka sayi taransifoma mai sauke wuta zuwa 110, wasu sitabilaizoji ma suna da ramin 110 a bayansu. Ko kuma, wanda na fi so, ka ajiye adaftar Amurkan ka nemi ta Turai. Abin da ke shiga cikin na'urar bolt 12 ne ko daga ina ta fito, don haka adaftar Turai tana tayar da Wii ɗin Amurka lafiya lau. Da taransifoma, wata rana wani yaro zai zare ya soka kai tsaye.

Kada ka jona kai tsaye a bango. Bi ta sitabilaiza. In aka ɗauke wuta, a kashe soket, a bari ta dawo ta zauna tukunna. In za a juya zuwa janareto, a tayar da shi ya daidaita kafin a kunna gem.

Ga wata dabara da ta ceci mutane da yawa daga zuwa wurin mai gyara. Wani lokaci bayan wuta ta yi wasa, sai Wii ya ƙi kamawa sam, ko jar fitila babu. Yawanci bai ƙone ba, adaftar ce ta kulle kanta don kariya. Zare ta daga bango, zare ta daga na'ura, bar ta minti biyu cur, sannan ka mayar. Sau da yawa shi ke nan.

MATAKI NA 4: JONA WAYOYI

Wannan ba wuya, kowane rami da siffarsa, ba ya karɓar na wani. Adafta, wayar hoto, sai jan kan sandar saiti a jan rami. A talabijin rawaya hoto ne, fari da ja sauti. Sai ka juya talabijin zuwa AV, ko HDMI in da Wii2HDMI ka bi.

Abu ɗaya ne ke ɓata wa mutane rai a nan ba su san dalili ba. Talabijin ta zamani tana ɗan jinkirta hoto don ta gyara shi. A kallon fim ba ka ji, amma a tanis sai ka kai duka ƙwallo ta riga ta wuce. Shiga saitin hoton talabijin ka nemi Game Mode ka kunna. Tsohuwar talabijin mai ƙeya ba ta da wannan ciwo ko kaɗan, in kana da ita a ɗaki kada ka raina ta. Kuma kada ka sa ran hoto garau irin na PS5, ƙarshen ƙarfin Wii 480p ne.

Ajiye na'urar inda iska ke ratsa bayanta, ba cikin durowa ba, ba kan dikoda mai zafi ba. A zafin Afrilu na Kano wannan ba ƙaramar magana ba ce.

MATAKI NA 5: SANDAR SAITI

Ɗora ta a saman talabijin ko a ƙasanta, a tsakiya daidai, bakinta ya zo gaɓar abin da take kai. Kama ta da salatif. Daga nan ka shiga Wii Settings, ka nemi Sensor Bar Position, ka gaya wa na'urar a sama ka sa ko a ƙasa. In ba ka yi ba, za ka nuna nan kibiya ta tafi can.

Sandar nan ba ta ganin komai, fitilu ne kawai a cikinta. Idon yana bakin rimot, shi ke kallon hasken biyu ya san inda ka nuna. Shi ya sa duk wani haske mai zafi ke ruɗa shi: rana ta taga a bayan talabijin, madubi, ƙwan fitila mai zafi, har ƙyallin tayil. In kibiya tana tsalle, fara da sauke labule. In ba ta daina ba, shiga Sensitivity a wurin saitin nan, ka nuna rimot ga talabijin, ka rage ko ka ƙara har ɗigo biyu kacal su rage a allo.

In sandar ta mutu ko babu ita fa? Kyandir biyu suna yin aikinta. Kunna su a gaban talabijin, tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsu, nesa da allo da labule, rimot zai ɗauke su a matsayin fitilun. Abin daɗin shi ne Wii Sports kibiyar zaɓe kawai yake yi da sandar, duka da wurgi wani abu ne a cikin rimot ke auna su. Don haka kana shiga wasa ka hure kyandir. Kada a bar wuta a kunne ana wurga hannu, balle da yara. Wannan maganin dare ɗaya ne, washegari ka nemi sanda, akwai mai batir da mai USB.

MATAKI NA 6: HAƊA RIMOT DA NA'URA

A gaban Wii akwai ɗan murfi, buɗe shi za ka ga jan maɓalli. A cikin gidan batir na rimot ma akwai irinsa. Danna na rimot, fitilu huɗu su fara ƙiftawa, nan take ka danna na na'ura. In ƙiftawa ta tsaya fitila ɗaya ta zauna, sun haɗu, kuma fitilar ce lambar ɗan wasa. Haka za ka yi wa sauran ɗaya bayan ɗaya, har huɗu. In ya ƙi, kashi mafi yawa batir ne. Batir ɗin tireda mai arha yakan kunna fitila amma ba ya riƙe wasa.

Kafin a fara, kowa ya ƙera ɗan mutuminsa a Mii Channel. Kada ka ɗauka wasan yara ne, da shi na'urar ke ajiye makin kowa, kuma da shi take tuna wane ne bahago. A gidanmu ƙera fuskar Baba kaɗai ta ci rabin awa ana dariya, don shi ya dage sai an ƙara masa gashi.

MATAKI NA 7: IGIYA

Zura hannu a igiya, ja makullinta ya kama tsintsiyar hannu. Kowa, kowane lokaci, har wanda ya ce shi gwani ne. Tun watan farko da Wii ya fito mutane suka riƙa fasa talabijin da rimot, har a Disambar 2006 Nintendo ta sanar da musanya igiyoyin da masu kauri. Mu kuma ga gumi. In igiya babu ko ta tsufa, ɗaura igiyar takalmi mai ƙarfi a ramin gindin rimot. Ajiye tsumma kusa don goge tafi. Ƙananan yara masu rarrafe a ɗauke su daga fili, tsayinsu daidai inda hannu ke saukowa yake a bolin.

MATAKI NA 8: WASA

Fara da bolin, wato mirgina ƙwallo a kayar da kwalabe goma. Shi ya fi sauƙi, kuma mutum huɗu suna yinsa da rimot ɗaya ana miƙawa. Riƙe rimot a gaban ƙirji, danne B ka riƙe, kai hannu baya, kawo shi gaba, ka saki B lokacin da hannu ya zo daidai cinya. Maɓallin kake saki, ba rimot ba. In ka saki hannu yana baya, ƙwallon bayanka za ta yi, 'yan kallo su yi tsalle. Yawancin masu hannun dama ƙwallonsu tana lanƙwasa hagu, don hannu yana murɗawa ba a sani ba. Kada ka yi faɗa da hannunka, matsa dama kaɗan da maɓallin rimot mai siffar gicciye, ka nufi tsakanin kwalbar gaba da ta damanta. Zagaye goma ne, ƙarshen maki 300.

Tanis shi ne sarkin falo. Ba kai ke gudu ba, ɗan mutumin da kansa yake bin ƙwallo, naka duka ne kawai. Sirrin duk a lokaci yake. Mai hannun dama in ya doka ta gefen damansa da wuri, ƙwallo hagu za ta yi, in ya ɗan jinkirta ta yi dama. Ta ɗaya gefen kuma akasin haka. A sabis, ɗaga rimot ƙwallo ta tashi, ka doke ta daidai lokacin da ta kai ƙololuwa, za ta tafi kamar harsashi har da hayaƙi. Kullum bibbiyu ake bugawa, in kai kaɗai ne kana juya na gaba da na baya duka. Kuskuren sabon shiga shi ne duka tun ƙwallo tana nesa, sai na gaban raga ya kai wa iska, na baya kuma bai shirya ba.

A nan zan faɗi abin da masu ƙarfi ba sa son ji: na'urar saurin motsi take aunawa, ba ƙarfin damtse ba. Yarinya 'yar firamare da ɗan kaɗa hannu za ta lallasa ƙato mai zuba gumi. In motsa jiki kake nema, yi cikakken duka da kafaɗa da ƙugu, amma da niyya, ba da hauka ba. Ka ɗan miƙe gaɓoɓi kafin farawa, ka tsaya bayan rabin awa a ranar farko. Ciwon kafaɗar washegari gaskiya ne, har wata mujallar likitoci ta Amurka ta buga bayaninsa a 2007.

Dambe shi ya fi fitar da gumi, shi ne kuma ya fi rashin jin magana. Rimot a hannu ɗaya, Nunchuk a ɗaya. Wanda ya saba kallon damben gargajiya, inda hannu guda ke naɗe ɗayan yana tsaro, sai ya sake lissafi, nan duka biyun suna duka suna karewa. Ɗaga su gaban fuska ka kare, karkata su tare ka goce. Kai naushi miƙe, dawo da hannu, sannan ka sake. Mai ruwan naushi ba tsayawa rabin nasa ba ya shiga lissafi. Turmi uku ne. Kula da wayar da ta haɗa hannayen biyu, tana marin fuska.

Golf na masu haƙuri ne. Gwada duka ba tare da danna komai ba ka ga inda ma'aunin ƙarfi ya tsaya, in ya yi maka sai ka danne A ka buga na gaske. In ka wuce ma'auni ƙwallo ta karkace. Dubi kibiyar iska kafin kowane bugu. Besbol kuwa ba wasanmu ba ne, a gidaje da yawa sau ɗaya ake buɗe shi.

In kana son ƙwarewa, akwai wurin atisaye, uku ga kowane wasa. Wanda makinsa ya kai 1000 ana ba shi lambar gwani. Akwai kuma gwajin da ake yi sau ɗaya a rana, na'ura ta faɗi shekarun jikinka tsakanin 20 da 80. Kada ka yi shi a gaban matarka ranar farko.

IN KINECT KO SWITCH KA SAMU

Wanda ƙwallon ƙafa ce ta kawo shi, Wii Sports ba shi da ita. Kinect Sports na 2010 yana da ita, tare da dambe, ƙwallon tebur, ƙwallon raga, bolin da guje-guje. Ba gudu kake da ƙwallo ba, kana tsaye kana zaɓar inda za ka ba da fasin da ƙafa, ko ka tare hanya. Amma Kinect mai cin fili ne: mita 1.8 ga mutum ɗaya, kusan mita biyu da rabi ga mutum biyu, kuma dole kyamara ta ga mutum daga kai har ƙafa. Falon gidan haya da yawa ba ya isa. Tana kuma neman gwiwa da gwiwar hannu, don haka babbar riga, jallabiya, zani da dogon hijabi suna ruɗa ta. Riga da wando marasa yalwa ake sawa. A gidan da mata za su yi wasa su kaɗai wannan ba matsala, amma in falo ne na kowa da kowa, Wii ya fi sauƙi, shi ba ruwansa da suturarka. Tsohuwar Xbox 360 mai ƙiba sai da wata adafta ta daban Kinect ke aiki a kanta, siririyar kuwa tana da raminta. Adaftar Xbox ma a karanta ta, akwai ta wutar Amurka. An daina ƙera Kinect tun 2017, duk wadda ka gani ta hannu ce, a gwada.

Switch ya fi tsada nesa, amma ya huta da yawancin wahalhalun nan. Cajarsa ta asali tana cin 100 zuwa 240, ba ya zaɓen nahiya, HDMI ne kai tsaye, babu sanda. Switch Sports ya zo da tanis, bolin, badminton, ƙwallon raga, wasan takobi da ƙwallon ƙafa, har da maɗaurin cinya da ake sa hannun gem a ciki a yi shuri na gaske. An ƙara golf a ƙarshen 2022, ƙwallon kwando a 2024, sai ka tanadi data ka sabunta sau ɗaya. Kada a sayar maka da Switch Lite don wannan, ba ya haɗuwa da talabijin.

MATAKI NA 9: AJIYA

In an gama, fitar da faifai tun da wuta, don in aka ɗauke yana ciki, sai ta dawo zai fito. Mayar da shi gidansa, in ya yi datti a goge daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. Kashe na'ura, kashe soket. Bari ta huce sannan a rufa mata ƙyalle, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Duk wata ka bi ragar iskar bayanta da busasshen burushin haƙori. Rimot in zai kwana biyu ba a taɓa ba, cire batir. Wayar sandar saiti kuma a naɗe rarar a ɗaure ta sama a bayan talabijin, kada ta kwanta a ƙasa. Tawa ta farko ɓera ne ya raba ta uku.